Kalmomi Uku a Kotun Ancud

Shekara goma sha tara ina buga takardun kotu a Ancud,
garin da ruwan sama ba ya neman izinin kowa.
Na san kalmomin doka kamar yadda masaƙi ya san zarensa,
amma ran Talatar nan sai da yatsuna suka yi sanyi.

Nélida Barría ta shigo da takalmin roba, yana ɗigar ruwa,
da wani abu ƙunshe a takardar burodi.
Jirgin kamun kifi ta saya wurin tsoho Eulogio Cárcamo,
da bashin ƙungiyar masunta,
shuɗi fes, kamar an wanke sararin sama an kife.
Fita ta shida ya fara shan ruwa ta ciki.

Aibi.
Littafina ya ce nakasa ce a jikin kaya
mai hana shi aikin da aka saye shi dominsa.
Ya raba shi biyu.
Akwai na fili, wanda ido ke gani:
in ka gani ka biya, kada ka dawo da kuka.
Akwai ɓoyayye, mai kwanciya ƙarƙashin fenti
kamar gara a cikin azara,
yana ci, yana shiru, yana jiran ranar nauyi.

Eulogio ya miƙe, hula a hannu.
"Ban sani ba," in ji shi. "Duk shekara nakan shafa fenti,
haka ubana yake yi."
Na buga. Ban san ko gaskiya na buga ba.
Injina ba ya bambance rantsuwa da fargaba.

Gaza biya.
Wannan kalmar ba ta da kunne.
Wa'adi ya cika, hannu wayam, shi ke nan.
Kalanda ce shaidarta, ba ta mantuwa, ba ta tausayi.
Wata huɗu, in ji lauyan ƙungiya, yana ƙirgawa da biro.
Ruɓar katako tsakaninki da mai sayarwa ce,
bashi kuwa tsakaninki da mu.
Igiya biyu, in ji shi, kada a ƙulla su.
Amma wuya ɗaya suka ɗaure, na gani daga inda nake zaune.

Kariya.
Da ina yaro na zaci garkuwa ce, ko katanga.
A nan ɗakin, amsa ce kawai.
Wani ya ce ban yi ba.
Wani ya ce na yi, amma ku saurari dalili.
Wani ya ce kun makara, lokacin ƙara ya wuce.
Wanda bai zo ba kuwa, kujerarsa ake yanke wa hukunci.

Lauyanta, Baldomero Oyarzo, mura ta shaƙe masa murya,
yana laluben shafi, yana tari.
Sai ta kwance takardar burodin da kanta,
ta ɗora guntun katako gaban mai shari'a,
shuɗi a sama.
Ta danna da babban yatsa.
Ya marmashe kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana a ruwa.
Wari ya tashi, na teku da na kabari.
Ba ta ce uffan ba.

Mai shari'a ta cire tabarau, ta daɗe tana kallo.
Aka ɗaga zama sai bayan mako uku.

Na rubuta: Shaida ta ɗaya, katako.
Babu gurbin wari a takardar,
babu gurbin yadda Eulogio ya kau da kai
ko yadda ya riƙe mata ƙofa da za ta fita.

Da yamma na taka zuwa gida cikin yayyafi.
Bara na shafe ginshiƙin barandata da kore.
Na tsaya, mabuɗi a hannu,
na kafa farce a jikinsa,
sannan na fasa dannawa.