Asuba a Ulanbato

Ƙarfe biyar Delgermaa ta hura kwal.
In ta ƙi, sanyi ya daskarar da ruwan buta
da yatsun 'yarta.
In ta hura, hayaƙin tantinta ya bi na maƙwabta,
su kife garin kamar murfin tukunya.

Dutsen da kakarta ke gaisarwa kullum safe,
yau kwana tara ba wanda ya gan shi.
Dusar ƙanƙara ta koma toka.

Anujin, 'yar shekara uku,
ta iya cewa "tari" kafin "doki".
Ƙirjinta na kukan tsohuwar ƙofa.

Likita ya ce a kai ta ƙauye ta sha iska.
Delgermaa ta ƙirga kuɗin mota,
ta mayar gwangwani,
ta ƙara dunƙulen kwal a murhu.