Alli da Tsumma

A Rosario, bakin kogin Parana,
inda jiragen ruwa ke cika ciki da alkama su wuce,
akwai shagon burodi mai shuɗiyar ƙofa
da baƙin allo rataye a ƙusa.
Herminia ce mai shi.
Shekara talatin da ɗaya tana kwaɓin fulawa,
bana sai aikin ya ƙaru:
alli a dama, tsumma a hagu.

Litinin ta rubuta farashi,
Laraba ta goge,
Juma'a ta sake gogewa,
har allon ya yi furfura irin ta kanta.

Ran Lahadi 'ya'yanta biyu kan zo cin abinci,
kowa da gaskiyarsa a aljihu.
Fermin, babban, akawu ne a kamfanin hatsi.
"Mama, ƙasar nan ta daɗe tana ado da rigar bashi.
Buga kuɗi ba noma ba ne,
takarda ba ta tsiro.
A janye tallafi, a ɗaure ciki,
gyambo ba ya warkewa da lallashi."

Lisandro direban bas ne, tun asuba yake kan titi.
"Cikin wa za a ɗaure?
Duba mai cewa a yi haƙuri da yunwa,
da ƙoshinsa yake magana.
Jiya wata malamar makaranta ta ɗora ƙafa a matakala,
ta kara katinta, na'ura ta ƙi,
ta sauka tana ba ni haƙuri,
kamar ita ta yi laifin."

"A koma dala, a huta!" in ji Fermin, ya bugi tebur.
"Kayan aro ba ya rufe katara," in ji ƙanen,
cokula suka yi tsalle,
kare ya bar ƙarƙashin kujera.

Ita dai ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate,
ta miƙa wa wannan, ya zuƙa,
ta ƙara ruwa, ta miƙa wa wancan.
Bakuna biyu masu gaba,
bututun ƙarfe ɗaya.

Ta ga abin da ba su gani ba.
Ta ga kuɗi ya sauya suna kamar mai gudun bashi,
ta ga an yanke masa sifili kamar yankan farce,
ya sake tohowa.
Ta ga shekarar da banki ya rufe ƙofa da gumin mijinta a ciki,
mata suka fito titi suna kaɗa tukwane,
tata tukunyar har yau da lotsawa a gindi.
Anselmo ya mutu da rasit a jakarsa.

Sai ta jawo littafin bashi, ta buɗe a tsakiyar tebur.
"To, masana, ga tambaya.
Tsoho Casimiro, mai fanshon jirgin ƙasa,
ya ɗauki burodi ranar uku ga wata,
zai biya ranar talatin.
Farashin wace rana zan karɓa?"

"Na ranar biya," in ji Fermin,
"in ba haka ba, da me za ki sayi fulawa?"
"Na ranar ɗauka," in ji Lisandro,
"in ba haka ba, da me zai sayi magani?"
Suka dubi juna.
Kowa ya ji ƙaya a cikin amsar ɗan'uwansa,
ya kuma ji ta a tasa.

Ba wanda ya ci gardamar.
Ɗaya ya wanke kwanuka, ɗaya ya goge.

Ƙarfe huɗu na dare ta kunna tanda,
hazo na kwance a kan kogi.
Kafin ta taɓa allo ta buɗe littafin,
ta ja layi a kan lambobin da ke gaban sunan tsohon,
ta rubuta da fensir, a hankali:
Casimiro, burodi uku.

Sannan ta ɗauki tsumma.