Mai Hoto a Dutsen Riruwai

Su da ƙafafu kawai suka fito,
ni da jakar kilo shida a gadon baya,
kyamara na dukan ƙirjina
kamar mai bin bashi a ƙofa.

Na yanke ta gonar Malam Ilu
don in riga su kan dutse.
Ƙarangiya ta cika min wando.
Na durƙusa, hannu na rawa,
na haɗiye haki.

Ga Jatau! Gumi ya bar gishiri a goshinsa,
ƙafafu biyu duk a iska.
Ƙyas.

Da la'asar aka miƙa masa kofi, aka yi guɗa.
Ni da na ci hanyar har da ƙari,
na duba hotuna ɗari uku:
babu ni,
sai inuwata a gefen nasa, a tsugune.