Gilashi Uku a Shagon Sahabi

Gilashi uku Sahabi ya jera mini
a kan tsohon bargo, bayan babbar kasuwar Maraɗi.
Duka na hannu ne, ta Jibiya suka shigo,
kowane da tabonsa.

Na fari dogo ne kamar taɓarya,
daga ɗari har ɗari huɗu yake miƙewa.
Ya ce, da wannan sai ka ƙirga haƙoran alƙalin wasa
kana zaune a wancan ƙarshen fili.
Na ce, da dare fa?
Ya sosa ƙeya.
Bakinsa biyar da shida ne,
sai haske ya yi layi kafin ya shiga.

Na biyu fari ne, saba'in zuwa ɗari biyu,
biyu da takwas, ko an ja shi ko an sake shi.
Na ɗaga, wuyan hannuna ya gaishe shi.
Na tambayi kuɗi.
Na ajiye shi sannu, kamar jaririn mutane.

Na uku guntu, baƙi, ɗari da talatin da biyar.
Ba ya zuƙowa, ba ya ja da baya,
inda aka haife shi nan ya tsaya.
Amma bakinsa biyu cif, buɗe kamar randa,
ɗan hasken da ya samu sai ya suɗe har kwano.

Kamarata babban ciki gare ta,
ba ta yanke gefe kamar tsohuwar.
Wanda waccan ke kawo mini kusa
wannan sai ta bar shi can, fili kewaye da shi.
Zuciya ta ce dogon.

Sai na tuna filin unguwarmu bayan isha'i:
fitila huɗu, ɗaya ta mutu tun bara,
ɗaya tana ƙifta ido kamar mai jin barci.
Na tuna Hantsi, mai tsaron gidanmu,
shekara goma sha biyar, safar hannu ta aro.
Ubansa na Agadas, damina uku bai zo ba.
Na aika masa hoto sau biyu.
Ya aiko da murya: Mati, wannan ɗana ne
ko hayaƙi ne ya sa riga?

In na rage sauri, yaro ya narke.
In na matsa wa kamara ta ga duhu,
fuska ta cika da tsaki kamar an watsa wa kaji.
Ba nisa ne ya ci ni ba. Haske ne.

Na ƙirga wa Sahabi jikkunansa,
kuɗin tayar babur da na tunkiya.
Na ɗauki guntun.
Ya ce, to ƙafarka ce za ta riƙa zuƙowa.

Daren Asabar, mu da 'yan Bagalam.
Na bar benci, na durƙusa bayan layi,
gefen fitilar da ke da sauran rai.
Ɗaya bisa dubu.
Sauro na cin idon sawuna, ban kore su ba.
Saura minti biyu aka buga kwana,
Hantsi ya tashi,
yatsana ya sauka.

Ta shiga.

A gida na buɗe hoton.
Ga zufa ɗigo-ɗigo tsaye a iska,
ga zaren da ya warware a safar,
ga ƙwallo ta wuce yatsunsa da faɗin ƙwayar gyaɗa.
Ban taɓa ɗaukar abu tar haka ba,
kuma faɗuwa ce.

Da safe na kai wa uwarsa, Ta-Allah,
tana tankaɗe a bakin zaure.
Na ce, ko mu jira wani wasan?
Ta goge hannu a zane, ta karɓi wayar,
ta daɗe.
Ta ce, dubi goshin nan, na uban ne sak.
Aika masa.
Ai ba ƙwallon ya tambaya ba.