Kafin Ka Taho Mabera

Jabbi, in za ka zo ranar Asabar,
taho da hantsi.
Liman ba ya jiran mai gugar malum-malum.
Kana gyara hula, an shafa fatiha.

Takalminka, tura shi ƙarƙashin tabarma.
Nawa ya bi wani gida bara,
har yau bai aiko da gaisuwa ba.

Goro, karɓa ko haƙori ya ƙi.
Cika aljihu da canji,
sanƙiran nan ya fi ka sanin sunan kakanka.

In guɗa ta tashi, kada ka leƙa,
Inno Luba na rabon masa, ba ta son ido.
Zauna inuwar dogonyaro.
Fura na tafe,
har da ƙanƙara, in an kawo wuta.