Agogon da Ke Gaba

A bakin Taminus, kusa da masu dankalin Turawa,
Malam Sallau ya maƙala gilashi a ido ɗaya,
ya buɗe bayan agogona
kamar mai ɓare dafaffen ƙwai.

Na ce, "Baba, a taimaka,
motar Abuja saura mutum biyu ta cika."
Bai ɗago ba.
Ya ce, "Ta cika ɗin. Wata na bayanta."

Waya ta yi kuka sau uku a aljihuna:
oga, sai ogan oga, sai mai bina bashi.
Ƙafata ta dama na ta kiɗa a ƙasa
ba da izinina ba.

"Agogonka bai mutu ba," in ji shi,
"gudu yake yi.
Minti tara ya riga rana.
Ka daɗe kana isa wurare
kafin ka tuna abin da ya kai ka."

Ban amsa ba. Me zan ce?

Sai hadari ya gangaro daga duwatsun Shere,
baƙi ƙirin, da ƙanƙara a bakinsa.
Nan na ga tsohon da ke ƙirga numfashi
ya zama ɗan shekara ashirin:
ya kwashe, ya rufe, ya ja leda, ya ɗaure,
agogo arba'in na mutane
ko ɗigo bai taɓa ɗaya ba.

Muna rakuɓe ƙarƙashin kwano na ce,
"Ashe ka iya sauri?"
Ya yi dariya, haƙoransa ja da goro.
"Ajiye shi nake, kamar kuɗin magani.
Wanda ya kashe saurinsa a kan kowane kira,
ranar gobara da rarrafe zai je."

Kwana uku ke nan ina Jos.
Taro, takarda, sa hannu, wani taron.
Inna tana Unguwar Rogo,
tun shekaranjiya take ɗumama gwaten acca,
ina ce mata, "Anjima."
Ita kuwa anjimarta nawa ta rage?
Ban taɓa ƙirgawa ba.

Ya mayar da hannun agogo inda rana take,
ya karɓi ɗari biyar, ya ƙi ƙari.
Ɗan kamasho na can yana kiran Abuja, mutum ɗaya,
na bar masa kujerar.

Ruwa bai tsagaita ba,
babu Keke ko ɗaya a titi.
Na naɗe ƙafar wando, na kashe waya,
na sa gudu.
Wannan karon na san inda za ni.