Meziko na Kakuri

Daren da aka haife shi
uban na kan benci a ƙofar masaƙa,
rediyo manne da kunne, ana gasar duniya
a wata ƙasa da bai san gabas ɗinta ba.
Aka turo yaro: an sauka, namiji ne.
Ya ce, “To, bari a tafi hutun rabin lokaci.”
Ranar suna liman ya ce Labaran,
masu gadi suka ce Meziko.
Na liman ya zauna a rajistar makaranta,
na masu gadi ya shiga gari.

Na san shi tun muna bugun ƙwallon tsumma
a bayan layin dogo,
silifa biyu ne raga,
jirgin Kafanchan ne usur ɗin tashi.
Gajere, mai bakan ƙafa,
ba ya son gudu, ba ya neman ƙwallo,
ita ke zuwa tana tambayar inda yake.
In ta shiga sai ya yi alkafura
ya dire yana kaɗe wando
kamar wanda bai aikata komai ba.

Koci Bulus ya sayo masa takalmi a Kasuwar Barci,
na hagu ya fi na dama girma,
ya cusa tsohuwar jarida.
Da wannan hagun ya sa Tudun Wada kuka,
ya sa Kawo ta koma gida ba fitila,
Sabon Tasha ta rantse asiri ne.
Sha tara a kaka ɗaya.
Masu acaɓa suka rubuta lamba tara a tanki,
mai shayi ya daina karɓar kuɗinsa.

Sai ga wani daga Ikko da jaka da ƙamshi.
Aka yi fasfo. Aka yanki tikiti.
Jirgi ran Alhamis.

Ran Lahadi akwai wasan sada zumunta
wanda babu wanda ya ce sai ya buga.
Ruwan Agusta, fili ya zama kunu.
Ya ci biyu. Ni ne lamba biyar a ɗaya ɓangaren,
ana ta yi mini ihu daga kan katanga.
Ya taho. Na kwanta masa.

Kun taɓa jin an karya rake a gwiwa?

Alƙali ko kati bai ɗaga ba,
ya ce ƙwallo na taɓa.
Shekara goma sha bakwai ke nan
ina ƙoƙarin yarda da shi.

Mai ɗori ya yi nasa, asibiti ta yi nata.
Alhamis ta zo ta wuce ta saman rufinmu.
Mai jaka ya canja lambar waya.
Masaƙar ma ta rufe a bayansa.

Yanzu gidan kallon ƙwallo gare shi,
rumfar kwano, benci takwas, talabijin biyu.
Duk Asabar ina zuwa, in miƙa ɗari biyu,
ya ture hannuna bai dube ni ba.
Maganarmu ba ta wuce gaisuwa.

Jiya aka nuno masu koren riga.
Ɗan gabansu ya tashi sama ya sa kai,
yara suka ɗauka: “Oga, ga 'yan garinku!”
Ya yi dariya har da tari,
ya juyo ya ce, “Mudi,
tun daga tsakiyar fili na hango ka.
Da na so tsalle da na yi.
Ta uku nake nema.”

Kafin in sami bakin magana aka ɗauke wuta.
Ya miƙe yana jan hagun nan
zuwa wurin janareta.
Ya ce, “Zo ka haska mini.”
Na riƙe masa tocila.
Sai a ja na huɗu ta tashi.